Abin da ke maƙale wa gindin jirgin ruwa: Nilu daban, Bahar Maliya daban

Duk wanda ya shiga intanet neman yadda ake kula da jirgin ruwa, shawarar da zai fara cin karo da ita ita ce ya kankare banakul, sannan ya shafe gindin jirgin da fenti mai guba. Shawarar ba ta da aibu, sai dai mutanen teku ne suka rubuta ta domin 'yan uwansu mutanen teku. Masuncin da ke ɗaure kwalekwalensa a Mawrada cikin Omdurman, ko mai fito tsakanin tsibirin Tuti da Bahri, idan ya ɗauke ta yadda take zai kashe kuɗi a kan cutar da ba ta kama jirginsa ba, ya kuma zuba guba a ruwan da garinsa ke sha. Ruɗanin ya samo asali ne daga yi wa duk abin da ya liƙe a ƙasan jirgi kuɗin goro. Sudan na da ruwa iri biyu, kogin Nilu da Bahar Maliya, kowane da irin ɓarnarsa. Batun ya shafi Hausawa kai tsaye, domin Hausawan Sudan sun yi suna wajen kamun kifi a Shuɗin Nilu da Farin Nilu, tun daga zuriyar waɗanda suka bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903.

Mene ne banakul?

Hausa ba ta da suna nata na wannan halitta, dalili kuwa a fili yake: ƙasar Hausa ba ta da teku. Banakul aro ne daga Turanci, Larabawa kuma suna cewa barnaƙil. A ido yana kama da ƙaramin tsauni na farin dutse mai rami a ka, girmansa daga ƙwayar gero zuwa kan babban yatsa. Wanda ya gan shi zai rantse ɗan uwan katantanwa ne, kuma haka masana suka ɗauka har zuwa 1830, lokacin da wani likitan soja mai suna John Vaughan Thompson ya bi diddigin 'ya'yan banakul ya gano cewa dangin ƙaguwa ne da jatan lande. Charles Darwin ma ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarinsa.

Sanin yadda yake rayuwa shi ne rabin maganinsa. Yana fara rayuwa a matsayin ɗan mitsitsin abu mai iyo, wanda ido ba ya gani sosai. Bayan ya sake fata sau da dama, sai ya kai matakin da ba ya cin abinci, aikinsa kawai neman mazauni. In ya samu, sai ya kafa kansa a jikin abin, ya fitar da wani irin danƙo da ke daskarewa a cikin ruwa, ya gina wa kansa ɗaki na alli. Daga nan ba zai sake motsawa ba har mutuwa. Ƙafafunsa masu kama da gashin tsuntsu yake zurowa ta ramin sama yana kamo abinci. Tunda ba ya tafiya, dole ya zauna kusa da 'yan uwansa kafin ya iya haihuwa, shi ya sa ƙananan ke bin ƙamshin manyan su sauka inda suke. Ko sawun da tsohon banakul ya bari bayan an kankare shi yana kiran sababbi.

Ba shi ne ke fara zuwa ba. Sa'o'i kaɗan bayan jirgi ya shiga ruwa, wani yauƙi na ƙananan ƙwayoyin halitta ke soma rufe jikinsa. Gansakuka ta biyo baya, sannan masu ɓawo irin su banakul da tsutsotsin da ke gina bututun alli. Akwai kuma wata halitta da ake yawan haɗa su, tsutsar katako ta teku. Ita ba ta zama a waje, cikin katako take shiga ta yi ta huda shi kamar gara, har jirgi ya zama rariya alhali fuskarsa lafiya lau.

Me ya sa babu shi a Khartoum?

Banakul na da nau'i sama da dubu, amma babu wanda ke rayuwa a ruwan daɗi zalla. Akwai masu jure ruwa mai ɗan gishiri a bakin koguna inda suke haɗuwa da teku, iyakarsu ke nan. Tsofaffin matuƙa sun san haka, shi ya sa sukan shigar da jirgi cikin kogi ya kwana biyu domin abin da ya liƙe masa ya mutu, ko da yake ɓawon yana nan sai an kankare. Daga Mogran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, zuwa Port Sudan tafiyar sama da kilomita 800 ce a mota. Ta ruwa kuwa babu jirgin teku da zai hauro, saboda duwatsun kogi da madatsun Aswan da Merowe. Ko jirgin yaƙin nan Melik, wanda kwamandan sojan Ingila Kitchener ya zo da shi yaƙin Omdurman a 1898, gunduwa-gunduwa aka kawo shi daga Ingila aka harhaɗa a bakin Nilu. Daga baya ya zama mazaunin ƙungiyar masu tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska ta Shuɗin Nilu.

To mene ne mutum ke gani idan ya kifar da kwalekwale a Omdurman? Yauƙi, gansakuka kore, laka da ta daskare, da ƙananan dodon koɗi tare da ƙwansu. Akwai kuma wata katantanwa mai ɓawo biyu a Nilu, wadda ake samu har a kogin Kwara, da ke liƙe ɓawonta a jikin duwatsu inda ruwa ke gudu. Kaushinta da ƙarfin riƙonta kan sa a ɗauke ta banakul, amma ba su haɗa dangi ba. Yawancin abin da ke jikin jirgin kogi buroshi mai tauri da yashi da rana suna gamawa da shi. Shuɗin Nilu ma yakan taya aikin: daga Yuli zuwa Satumba yana zuwa da laka mai yawa daga tsaunukan Habasha, ruwan ya yi duhu, gansakuka ta rasa hasken da take buƙata.

Ciwon jirgin katako

A unguwar Abu Rauf da ke gaɓar Nilu a Omdurman aka san masassaƙan jirgi tun kaka da kakanni. Itacen da suka fi dogara da shi su ne suke kira sunut, wato bagaruwar da majema ke jima da 'ya'yanta a Kano da Sakkwato. Itace ne mai nauyi da tauri, mai jure ruwa, amma ba ya miƙewa ya ba da dogon katako. Saboda haka tsohon salon ƙirar jirgin Nilu na Sudan ya zama na jera gajerun katakai masu kauri, ana ɗinke kowane da na ƙasansa da dogayen ƙusoshin ƙarfe da ake bugawa a karkace, ba tare da haƙarƙari a ciki ba. In an gama, sai mai toshiya ya zauna da kurfi da guduma, ya murɗa tsumma, ya riƙa cusa shi a tsakanin katakai taki bayan taki, yana saurarar ƙarar bugun. Idan ƙarar ta koma ƙwas, wurin ya cika. Jirgin na shiga ruwa katako ya kumbura ya matse tsumman.

A nan ne shawarar mutanen teku ke iya yin illa. Su suna cewa a fitar da jirgi a bar shi ya bushe domin kashe abin da ya liƙe. Ga jirgin faiba ko na ƙarfe wannan ba laifi. Jirgin katako kuwa, in aka bar shi a ranar Khartoum ta watan Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, katakan za su tsuke, tsumma ya saki, a mayar da shi ruwa ya riƙa sha kamar kwando. Abokan gabansa na gaskiya su ne bushewa, ruɓewa a daidai layin da ruwa ke tsayawa, da tsatsar ƙusa. Jiragen ƙarfe da suka yawaita a 'yan shekarun nan tsatsa ce ke cinsu, maganinta kuma goge ƙarfe da fentin hana tsatsa, wanda ba shi da alaƙa da fentin kashe banakul. Mai saye ya kamata ya bambanta gwangwanayen biyu, domin na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Kainuwar Farin Nilu

In ana neman abin da ya taɓa tsayar da jirage cak a Sudan, ba mai ɓawo ba ne, ciyawa ce. Wata kainuwa mai fure shuɗi-shuɗi, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta bayyana a Farin Nilu wajen 1957 zuwa 1958. Hausawa kan ce kainuwa dashen Allah, amma wannan dai mutane ne suka yaɗa ta a duniya saboda kyan furenta. Cikin 'yan shekaru ta rufe kogin, tana taruwa a bayan madatsar Jabal Auliya, wadda aka gama a 1937, kimanin kilomita 40 kudu da Khartoum. Tana naɗe farfela, ta toshe bututun da inji ke shan ruwan sanyaya kansa, ta yaga koma, ta hana jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Kosti da Juba sakat. Saiwoyinta kuma mafaka ce ga dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya.

Gwamnati ta yi dokar yaƙi da ita a 1960, aka yi ta fesa maganin ciyawa daga jiragen sama da na ruwa shekara da shekaru. Sauƙi na sosai bai samu ba sai da aka shigo da wasu ƙwari masu cin ta a ƙarshen shekarun 1970. Darasin da ya shafi mai jirgi shi ne cewa ɗan guntun tsiro ko iri da ya maƙale a koma ko a gindin kwalekwale ya isa ya kai ta ruwan da ba ta taɓa shiga ba. Najeriya ma ta ɗanɗana, tun da ta ɓulla a yankin Badagiri a 1984, daga baya masuntan tafkin Kainji suka san ta.

Inda banakul yake da gaske

A gaɓar Bahar Maliya labarin ya juye. Ruwan yana da ɗumi duk shekara, gishirinsa ya kai kusan giram 40 a lita, sama da na yawancin tekuna da ke wajen 35. Babu hunturun da zai dakatar da haihuwar banakul. Jirgin da aka ɗaure a Port Sudan ko Suwakin, tashar da alhazan Afirka ta Yamma suka daɗe suna tsallakawa Jidda daga cikinta, makonni kaɗan sun isa gindinsa ya yi kaushi.

Asarar a man fetur take fitowa. Jiki mai kaushi yana jan ruwa, inji ya ƙara wahala kafin ya ba da gudun da aka saba. Wani rahoto na shirin yaƙi da wannan matsala a ƙarƙashin Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ya ƙiyasta cewa yauƙi mai kaurin rabin milimita da ya rufe rabin gindin jirgi na iya ƙara hayaƙin da yake fitarwa da kusan kashi 25 cikin ɗari, ƙananan banakul kuwa na iya ƙara shi da fiye da rabi. Ƙiyasin na manyan jirage ne, amma ƙaramin masunci mai injin bayan kwalekwale yana ganin nasa a jarkar da ta daina kai shi inda ta saba.

Kankarewa aiki ne na lokaci. Da zarar an jawo jirgi tudu, tun yana ɗigar ruwa, ake farawa, domin in ya bushe riƙon yana ƙara tsanani. Ana kwantar da bakin makankari a jikin jirgin a tura shi ƙarƙashin ɓawon ta gefe, ba a sara daga sama. Masu jirgin faiba sukan dasashe kusurwoyin makankarin, ko su yi amfani da na roba ko katako, don kada su ƙwarzane fatar jirgin. Ɓawon zai ɓalle, amma sai ya bar wani farin zobe manne. Wannan zoben alli ne, abu mai tsami ke narkar da shi. Ruwan kal ko na lemun tsami na yi a hankali, asid mai ƙarfi na yi da sauri, sai dai yana cin alminiyam da ƙusa da fata da ido, don haka dole a wanke wurin da ruwa mai yawa. Barin zoben ganganci ne, tunda shi ke kiran na baya. Safar hannu wajibi ce: ɓawon banakul yana yanka kamar reza, kuma ciwon da ya sha ruwan teku mai ɗumi yana saurin ruruwa. Kada a manta farfela da ramin shan ruwan inji, inda banakul ɗaya ko biyu ke iya sa inji ya ɗau zafi.

Akwai wata wahala ta musamman a wannan gaɓa. A wasu tekuna ana jingine jirgi a rairayi, ruwa ya janye, a yi aiki kafin ya dawo. A tsakiyar Bahar Maliya, wajen Port Sudan da Jidda, hawa da saukar ruwa na kullum ƙalilan ne ƙwarai. Sai dai a ja jirgin da igiya da gungume, ko a nutsa a kankare a ƙarƙashin ruwa.

Taƙaddamar fenti

Matuƙan jiragen katako na Bahar Maliya da Tekun Indiya sun daɗe da nasu rigakafin: a dama farar ƙasa da kitse a shafe ƙasan jirgi, a sabunta bayan 'yan watanni. Shafin yana tare tsutsar katako, kuma in an zo kankara yakan ɓanɓaro tare da abin da ya hau kansa. Turawan Ingila sun gwada lulluɓe gindin jirgin yaƙi da fallayen jan ƙarfe a 1761, abin ya yi, kuma har yau jan ƙarfe ne sinadarin da ya fi yawa a fentin hana banakul. Fentin iri-iri ne. Wani mai tauri ne, yana sakin gubarsa a hankali har ta ƙare. Wani yana zaizayewa kamar sabulu yayin tafiya, kullum sabuwar fuska na fitowa. Akwai kuma na zamani marar guba, mai santsin da ke hana riƙo, amma sai jirgi mai gudu da yawan tafiya yake amfana da shi, ga tsada.

A shekarun 1960 aka fito da fenti mai wani sinadarin kuza da ake kira TBT, wanda ya fi duk na baya aiki. Daga baya aka ga abin da ya yi wa masu kiwon katantanwar teku a Arcachon ta Faransa: ɓawo ya lalace, haihuwa ta tsaya. Faransa ta hana shi ga ƙananan jirage a 1982. Yarjejeniyar duniya da ta haramta shi an amince da ita a 2001, ta fara aiki a Satumban 2008, sannan a farkon 2023 aka ƙara wani sinadarin, sibutrin, cikin haramtattu.

Ra'ayi ya rabu a kan jan ƙarfe. Masu jirage da kamfanonin fenti suna cewa in babu shi za a ƙona mai da yawa, kuma jirage masu datti za su riƙa kwasar baƙin halittu daga teku zuwa teku, wanda shi ma ɓarna ce babba. Masu kare muhalli suna cewa gubar tana taruwa a lakar tashoshi inda ruwa ba ya gudu, ta kashe abin da ba a nufa ba. Kowane ɓangare na da hujja, kuma a teku da wuya a ce a yar da fentin gaba ɗaya. Sudan dai na da abin da za ta yi hattara dominsa: murjanin Sanganeb da gaɓar Dungonab, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016. A kogi kuwa ma'aunin bai yi kusa da daidaita ba. Ribar kaɗan ce tunda babu banakul, ga shi tashoshin tace ruwa na Mogran da Bahri da Manara daga Nilu suke ɗiba, kifin da ake sayarwa a Mawrada ma daga nan yake. Wanda ya riga ya shafa, kada ya goge tsohon fentin a bushe ya shaƙi ƙurarsa, kada kuma ya bar ɓarɓashin a gaɓa ambaliya ta kwashe. Mai jirgin alminiyam ya guje shi ko a teku ne, domin jan ƙarfe na cin alminiyam har ya huda.

Abin da ka iya biyo baya

Kuɓutar ruwan daɗi ba ta da tabbas na har abada. A 1988 aka gano wata ƙaramar katantanwa mai zane a manyan tafkunan Arewacin Amurka, wadda jirage suka kwaso daga yankin Bahar Aswad. Tana liƙe wa jirgi da bututu kamar banakul, a ruwan da ba gishiri ko kaɗan. Wata irinta daga Asiya ta shiga kogunan Kudancin Amurka a farkon shekarun 1990. Kwalekwale ko inji ko koma da aka ɗauko daga wani ruwa ba a wanke an shanya ba, ta nan irin wannan baƙo ke shigowa.

Shi kansa Shuɗin Nilu yana canzawa. Babbar madatsar Habasha, da aka fara tara wa ruwa a 2020, tana riƙe laka mai yawa. Ruwa mai haske na nufin rana za ta ƙara ratsa shi, don haka ana iya sa ran gansakuka da ciyawar ruwa su ƙaru a jikin jirage fiye da yadda masunta suka saba.

Sai kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Gaɓar kogi a Khartoum da Omdurman da Bahri ta zama fagen daga, gadar Shambat ta karye a Nuwamban shekarar, mutanen Tuti suka sha ƙawanya, masu jirage da yawa suka gudu suka bar su. Jirgin da ya daɗe a tsaye shi ya fi lalacewa, a kowane ruwa yake. Na teku zai tara banakul, na ƙarfe a kogi zai yi tsatsa, na katako da aka bari a tudu zai tsage. Mai komawa ga irin wannan na ƙarshe, kafin ya yi tunanin fenti, sai ya bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya soka wuƙa a katakon ƙasa ya ji ko ya yi laushi, ya sake toshiya, sannan ya nutsar da jirgin a ruwa marar zurfi na 'yan kwanaki har katako ya sha ya kumbura, kafin ya ɗora masa mutum ko kaya.